Yadda Maganin Jijiyar Haƙori Ya Zama Abokin Gabar Cikonsa

Wanda aka yi wa aikin jijiyar haƙori a Kaduna, a Asibitin Barau Dikko ne ko Asibitin Sojoji na 44 ko wani asibitin kuɗi a Unguwan Rimi, mai yiwuwa sau biyu ya hau kujerar likita. Ranar farko a huda haƙorin, a kwashe ruɓaɓɓiyar jijiya, a ɗura farin magani cikin saiwa, a toshe, a ce ya dawo bayan mako guda. Rana ta biyu a cike ramin da siraran sandunan danƙo da wani maliƙi mai haɗa su da bangon saiwar. Maganin nan da maliƙin nan ba sa ga-maciji da juna, kuma tarihinsu ne ya jawo haka: mutane daban suka ƙirƙiro su, kowa da damuwarsa, babu wanda ya yi tunanin ranar da za su gamu a rami ɗaya.

Masu neman magani kashe ƙwayar cuta kawai suka sa a gaba. A 1891 Otto Walkhoff a Jamus ya kawo haɗin kafur da sinadarin fenol, a 1904 Buckley a Amurka ya kawo fomokiresol, dukansu masu ƙarfi har suna ƙona naman da ke kewaye da saiwa. A 1920 Bernhard Hermann, shi ma Bajamushe, ya gabatar da kalsiyom haidiroksaid, farin gari mai kaifin alkali, amma sai bayan da Byström da Sundqvist a Suwidin suka nuna a 1985 cewa ya fi magungunan fenol kakkaɓe ƙwayoyin cuta ya mamaye asibitoci. Masu neman ciko kuwa tun 1867 Bowman ya fara cike saiwa da gata-faca, danƙon wata bishiya ta yankin Malesiya. Tun da danƙon ba ya manne wa haƙori, Rickert a 1931 da Louis Grossman a 1936 suka haɗa maliƙi da garin zinki da man kanumfari, wato kanumfarin nan da ake saye a Kasuwar Sheikh Gumi a danna wa haƙori mai ciwo. Wannan maliƙi cike giɓi yake yi, ba a sa ran ya kama bango da ƙarfi, don haka ba wanda ya damu da ɗan ragowar magani.

Lissafin ya sauya bayan André Schroeder a Suwizalan ya kawo maliƙin roba mai suna AH 26 a shekarun 1950, wanda daga baya AH Plus ya gaje shi. Irin wannan ƙarfinsa yana ga kutsawa cikin ƙananan kafofin da ke jikin ƙashin haƙori. Da McComb da Smith suka duba bangon saiwa da madubin lantarki a 1975, sai suka ga kankarar da likita ke yi tana barin wata dusa da ke toshe kafofin. Ragowar farin magani ƙari ce a kan wannan dusa, kuma kowane magini ya san filasta ba ta kama bango mai ƙura. Tsohon maliƙin ma bai tsira ba: a 1997 masu bincike a Girka sun nuna ragowar maganin tana cin karo da man kanumfari, maliƙin ya daskare da wuri ya yi burtsatse. Haɗin magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda uku da Hoshino da abokansa suka fitar a Japan a 1996 ya fi farin maganin wuyar wankewa, domin ɗaya daga cikinsu, minosaikilin, yana riƙe kalsiyom na haƙori har ya rina shi.

Wani zai ce yawancin hujjojin nan daga ɗakin gwaji suke, inda ake yanka cirarren haƙori a tura cikon da na'ura a auna ƙarfinsa, kuma sakamakon ba baki ɗaya yake ba. Gaskiya ne. Har akwai gwaje-gwajen da suka nuna sababbin maliƙai na kalsiyom silikat, dangin MTA da Torabinejad ya kawo a Loma Linda a farkon shekarun 1990, ba su cika damuwa da ragowar ba. Amma abin da wannan ke nunawa shi ne illar ta danganta da wane magani ya gamu da wane maliƙi, kuma likita ba shi da hanyar ganin abin da ya maƙale a lanƙwasar saiwa. Wani kuma zai ce a bar maganin gaba ɗaya, a gama aikin a zama guda, tun da bitar Cochrane ta 2007 da ta 2016 ba su ga bambancin warkewa tsakanin zama ɗaya da zama biyu ba. Hujja ce mai nauyi, sai dai da yawa a Kawo ko Badarawa ba sa zuwa wurin likita sai kanumfari da ƙwayoyin kemis sun gaza, kumatu ya kumbura, saiwa tana tsiyayar mugunya. Ramin da bai bushe ba ba ya cikuwa, dole a sa magani a jira.

Saboda haka nauyin ya koma kan wankin rana ta biyu: ruwan haifokulorait, wanda Dakin ya yi amfani da irinsa wajen wanke raunukan sojoji a 1915, sai EDTA da Nygaard-Østby ya shigar cikin aikin a 1957, mai narkar da dusa da kalsiyom, sai girgiza ruwan da na'urar sauti inda akwai ta kuma akwai wuta. Maganin da aka kwaɓa da mai ya fi na ruwa taurin kai, kuma har yau babu hanyar da aka nuna tana fitar da shi duka daga ƙarshen saiwa.