Shade Thomas-Fahm da tarihin tsara sutura: abin lura ga ƙasar Dakoro

1. Gabatarwa

A wannan maƙala za mu yi bitar rayuwar Shade Thomas-Fahm, wadda ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta mai da tsara sutura sana'ar zamani a Nijeriya, sannan mu duba abin da tarihinta yake nuna mana game da mata masu allura a ƙasar Dakoro. Mai karatu zai iya tambaya: mene ne haɗin Bayarabiyar Legas da Dakoro? Amsarmu ita ce, yadin da ta yi aiki da shi da rigar da ta sarrafa suna ɗauke da sawun ƙasar Hausa, kuma wannan sawu ya fi fitowa fili a cikin kalmomi.

2. Rayuwarta da aikinta

An haifi Folashade Thomas a Legas a 1933. A 1953 ta tafi Ingila da niyyar koyon aikin jinya, amma kayan da ta riƙa gani a tagogin kantunan Landan suka ja hankalinta, sai ta koma makarantar fasaha ta St Martin's ta koyi zane da yankan tufafi. Ta dawo gida a 1960, shekarar da Nijeriya da Nijar suka sami mulkin kai, ta buɗe wurin ɗinki a unguwar Yaba da kanti mai suna Maison Shade.

A wancan lokaci manyan matan Legas masu ilimin boko sun fi ɗaukar kayan Turai da daraja. Ita kuwa ta juya ga saƙar gida, wato ashoke da adire na Yarbawa, da akwete na ƙasar Ibo, da saƙar Okene. Ta lura cewa macen da ke fita aikin ofis da safe ba ta da lokacin ɗaure-ɗaure, saboda haka ta ɗinke zani ta sa masa zif, ta kuma fito da ɗaurin kai na gele wanda aka riga aka naɗa, sai dai a ɗora. Bugu da ƙari, ta rage agbada ta maza ta mai da ita doguwar rigar mata. Muhimmin abu a nan shi ne, kayan a ɗinke suke jiran mai saye, kuma suna ɗauke da sunanta. Ta ba da labarin rayuwarta a littafin Faces of She na 2004. A 2022 gidan tarihi na Victoria da Albert da ke Landan ya baje kayanta tare da na Chris Seydou na Mali, da Kofi Ansah na Gana, da Naïma Bennis ta Maroko, da Alphadi na Nijar, wanda ya kafa bikin FIMA a Tigidit, kusa da Agadas, a 1998.

3. Shaidar kalmomi

Daga cikin ire-iren ashoke masu daraja akwai alaari, mai launin ja, sunan da ake dangantawa da alharini na Hausa, wato silikin da fatake ke ƙetaro Sahara da shi zuwa Kano. Haka nan danshiki ta Yarbanci daga ƴar ciki ko ɗan ciki ta fito, kafin ta ƙetare teku ta zama dashiki a bakin baƙaƙen fatan Amurka a shekarun 1960. Ita kanta agbada ƴar'uwar babbar riga ce, wadda Hausawa da Nufawa suka yaɗa a zamanin daular Sakkwato. Ke nan, lokacin da Shade ta sa wa mace wannan riga, tufar sarakuna da malamai ce ta ƙetare iyakar jinsi.

Sai dai akwai wurin yin hattara. Sau da yawa ana cewa ita ta ƙirƙiro bubu. Kalmar da kanta ta ƙaryata wannan: boubou ta Faransanci daga mbubb ta Wolof take, kuma matan Senegal sun daɗe suna sa ta. Abin da za a iya tabbatar mata shi ne shigar da irin wannan riga cikin adon matan Legas da yanka irin nata.

4. Daga Legas zuwa Dakoro

A al'adar Hausa mata ke kaɗi, maza ke ɗinkin riga da aikin wuya, irin su aska takwas. Wannan rabon aiki ya fara sauyawa a birnin Zariya tun shekarun 1970, inda matan aure suka karɓi aikin riga a cikin gidajensu. A wajen Wodaabe na arewacin Dakoro da Bermo, wadda aka ware daga Dakoro a 2011, mata ne tun asali ke yi wa baƙin yadi ado da zare mai launi, har da rigunan da samari ke sawa a gerewol, kuma zanen yana da sunaye a Fulatanci. Waɗannan mata suna zaɓen launi, suna sauya zane, suna ƙara nasu. Wannan shi ne ainihin aikin da aka yaba wa Shade. Bambancin shi ne, nata yana da suna da kanti, nasu kuwa da zarar ya shiga hannun dillali ya zama “aikin gargajiya”, ba mai shi.

Harshe ma yana taimaka wa wannan mantuwa. Faransanci ya raba styliste da couturière, mai tunanin siffa da mai ɗinka ta. Hausa ta yau da kullum tana da tela, aro daga Ingilishi, da maɗinki, dukansu kuwa hannu suke nufi, ba tunani ba. Muna ganin “mai tsara sutura” za ta iya cike wannan gurbi, in har an yarda a kira mai ado ta Bermo da ita kamar yadda ake kiran Alphadi.

5. Kammalawa

Gadon Shade Thomas-Fahm bai tsaya ga zif ko gele ba. Ta nuna cewa saƙar gida tana iya shiga kasuwar zamani da sunan wadda ta tsara ta. A kasuwanninmu gwanjo da yadin Sin sun yi wa aikin hannu tarnaƙi, kuma duk zanen da aka daina ɗinkawa, sunansa ma yakan bi shi. Saboda haka muna kira ga ɗalibanmu masu neman batun bincike da su tattara sunayen zane da na ɗinki a Dakoro da Kornaka da Bermo, cikin Hausa da Fulatanci da Tamajak, su kuma rubuta, da yardar masu aikin, wace ce ta fara kowane zane da kuma wadda ta koya a hannunta.