Tsakanin Rufin Asiri da Haƙƙin Tarihi: Fayilolin Majinyatan Shirin T4 a Ƙasar Jamus, 1939 zuwa 2018

1.0 Gabatarwa

Takardun asibiti suna daga cikin muhimman kafofin da masana tarihi suke bi wajen gano yadda talakawa suka rayu, domin a cikinsu ne ake samun labarin mutanen da ba su riƙe sarauta ba, ba su kuma bar wani rubutu nasu ba. Sai dai an rubuta waɗannan takardu ne bisa amanar da ke tsakanin likita da majinyaci, kuma wannan amana ba ta ƙarewa da mutuwar majinyacin. Samuwar intanet ta ƙara wa al'amarin nauyi. A da, mai neman irin waɗannan takardu sai ya yi tattaki zuwa taskar adana takardun tarihi, ya bayyana kansa da dalilinsa, sa'an nan a ba shi izini. Abin da aka ɗora a intanet kuwa, kowa yana iya kaiwa gare shi daga ɗakinsa ta hanyar rubuta suna guda.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda ƙasar Jamus ta fuskanci wannan matsala dangane da fayilolin majinyatan da gwamnatin 'yan Nazi ta hallaka a ƙarƙashin shirin da aka sani da T4. Maƙalar za ta nuna cewa sunan majinyaci da bayanin cutarsa abubuwa biyu ne mabambanta, kuma ba a kai ga matsaya mai gamsarwa ba sai da aka raba hukuncin kowanne daga na ɗan'uwansa.

2.0 Asalin Fayilolin

Tun a shekarar 1920 wani masanin shari'a mai suna Karl Binding da wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Alfred Hoche suka wallafa littafi inda suka nemi a halatta kashe waɗanda suke ganin rayuwarsu ba ta da amfani. Bayan da 'yan Nazi suka hau mulki, sai suka kafa doka a ranar 14 ga Yuli, 1933, wadda ta tilasta yi wa masu abin da suka kira cututtukan gado aikin hana haihuwa. An ƙiyasta cewa mutum tsakanin 350,000 da 400,000 ne wannan doka ta shafa.

A watan Oktoba na 1939 Adolf Hitler ya sa hannu a wata gajeriyar takarda, wadda aka mayar da kwanan watanta zuwa 1 ga Satumba, watau ranar da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu. Takardar ta ɗora wa Philipp Bouhler da likita Karl Brandt alhakin tafiyar da shirin kashe majinyata. Ofishin shirin yana gida mai lamba 4 a titin Tiergarten na birnin Barlin, inda sunan T4 ya samo asali. An riƙa aika wa asibitocin masu taɓin hankali da gidajen kula da naƙasassu fom domin su cike bayanin kowane majinyaci. Likitoci uku ne suke duba kowane fom ba tare da sun ga mai shi ba, sa'an nan wani babba ya yanke hukuncin ƙarshe. Alamar tarawa da jan alƙalami tana nufin kisa, alamar ɗebewa da shuɗi kuma tana nufin a bar mutum da ransa.

Tsakanin Janairu 1940 da Agusta 1941 an kashe mutum 70,273 da iskar gas mai guba a cibiyoyi shida: Grafeneck da Brandenburg da Hartheim da Pirna-Sonnenstein da Bernburg da Hadamar. A ranar 3 ga Agusta, 1941, Bishop Clemens August von Galen na Münster ya yi huɗubar da ta la'anci kisan a bainar jama'a, kuma a ranar 24 ga watan aka dakatar da wannan sashe na shirin. Duk da haka an ci gaba da kashe majinyata da yunwa da magunguna fiye da ƙima har ƙarshen yaƙin, abin da ya sa masana suke ƙiyasta jimillar waɗanda aka kashe tsakanin 200,000 da 300,000.

3.0 Harshen Fayilolin

Wani abin da ya kamata masu nazarin harshe su lura da shi shi ne yadda aka yi amfani da kalmomi wajen lulluɓe kisan. Takardar Hitler ta kira shi "Gnadentod", watau mutuwar jinƙai. A ƙarshen fayiloli da dama, abin da ake rubutawa kawai shi ne an mayar da majinyaci zuwa wani asibiti. A ƙididdigar da aka samu a Hartheim bayan yaƙi, an ambaci waɗanda aka kashe da kalmar da ake amfani da ita wajen tsarkake wuri daga ƙwayoyin cuta. Haka kuma an riƙa aika wa iyalai wasiƙun ta'aziyya ɗauke da dalilin mutuwa na ƙarya, wani lokacin har da kwanan wata da wurin mutuwa na ƙarya.

Bayanan da ke cikin fayilolin su ma ba su tsira daga wannan ba. Muryar likita ce da ta ma'aikacin jinya ta mamaye su, kuma yayin da shekaru suke tafiya, sai siffanta majinyaci ya koma awon amfaninsa: ko yana aiki ko ba ya yi, ko yana da tsabta, ko yana da wahalar kulawa. Binciken da wasu masana tarihin likitanci, cikinsu har da Gerrit Hohendorf da Maike Rotzoll da Petra Fuchs, suka gudanar a kan fayiloli kimanin 3,000 ya nuna cewa rashin iya aiki na daga cikin manyan dalilan da suka sa aka zaɓi mutum domin kisa. Ke nan duk wanda ya karanta irin wannan fayil ba tare da sanin tarihinsa ba, zai ga majinyacin ne da idon waɗanda suka yanke masa hukunci. Bugu da ƙari, saboda aƙidar cutar gado, fayilolin suna ɗauke da bayanai a kan iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya, kamar zargin shaye-shaye ko farfaɗiya ko kashe kai, alhali waɗannan mutane ba majinyata ba ne.

4.0 Yadda Fayilolin Suka Tsira

Kafin ƙarshen yaƙin, ma'aikatan shirin sun lalata takardu masu yawa domin ɓoye sawu. Ragowar fayilolin an kai su asibitin Pfafferode da ke yankin Thuringia, wanda ya faɗa cikin Jamus ta Gabas bayan rabuwar ƙasar. Daga baya hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, wadda aka fi sani da Stasi, ta kwashe su ta ajiye a taskarta ta sirri, inda masu bincike ba su san da zamansu ba. Sai bayan haɗewar Jamus a 1990 aka gano su, aka miƙa su ga Taskar Tarihi ta Tarayya, wadda ta ba su lamba R 179. Fayilolin sun kai kimanin 30,000, watau ƙasa da rabin adadin waɗanda aka kashe da gas.

5.0 Muhawara a Kan Suna

Da fayilolin suka shiga hannun Taskar, sai aka buɗe su ga masu bincike da dangi bisa sharuɗɗa. Dokar Taskar ta 1988 ta tanadi cewa ba a buɗe takardun da suka shafi mutum sai bayan shekara 30 da mutuwarsa, kuma wannan wa'adi ya riga ya wuce ga waɗanda aka kashe a 1940 da 1941. Amma akwai wasu dalilai uku da suka sa aka ci gaba da taka-tsantsan. Na farko, dokar hukunta laifuffuka ta Jamus ta tanadi cewa sirrin majinyaci yana nan ko bayan mutuwarsa. Na biyu, tun a 1971 Kotun Tsarin Mulki ta Tarayya ta tabbatar da cewa mutuncin ɗan'adam yana da kariya bayan mutuwa. Na uku, ana tsoron kada bayyana suna ya jawo wa zuriyar mamacin tsangwama, a riƙa cewa hauka gado ne a gidansu. Saboda haka al'adar da aka fi bi a littattafai da nune-nune ita ce rubuta sunan yanka tare da harafin farko kawai na sunan iyali.

Masu adawa da wannan al'ada sun kafa hujja da abin da Taskar kanta ta yi game da Yahudawan Jamus da aka kashe, inda ta buga littafin sunayensu cikakku a 1986, ta kuma ɗora shi a intanet a 2007. A ganinsu, ɓoye sunayen majinyata yana nuna cewa ciwonsu abin kunya ne, wanda kuwa shi ne ainihin ra'ayin waɗanda suka kashe su. A 2002 wani ɗan gwagwarmaya daga Isra'ila ya karɓi jerin sunayen domin karanta su a wani taron tunawa a Barlin, daga baya kuma ya ɗora jerin a intanet ba da yardar Taskar ba. Wannan mataki ya saɓa wa sharaɗin da aka ba shi, amma ta hanyarsa ne iyalai da dama suka fara gano makomar danginsu.

Daga nan ra'ayin jama'a ya fara sauyawa. A watan Nuwamba na 2010, shugaban ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Jamus, Frank Schneider, ya nemi gafarar waɗanda abin ya shafa da iyalansu. A 2013 masanin tarihi Götz Aly ya wallafa littafi a kan kisan, inda ya yi kira da a bayyana sunayen. A 2014 Ehrhart Körting, lauya kuma tsohon mai kula da harkokin cikin gida na jihar Barlin, ya rubuta ra'ayin shari'a da ke cewa ambaton sunan wanda aka kashe ba ya keta haƙƙin danginsa. A ranar 2 ga Satumba na wannan shekarar aka buɗe dandalin tunawa a wurin da ofishin T4 yake a da. A 2016 an yi taron masana da dangi a Barlin a kan batun sunayen, sa'an nan a 2017 aka sabunta dokar Taskar, aka rage wa'adin zuwa shekara 10 bayan mutuwa.

6.0 Matsayar 2018

A watan Agusta na 2018 Taskar Tarihi ta Tarayya ta ɗora bayanan gano fayilolin R 179 a intanet. Abin da aka bayyana shi ne sunan mutum da ranar haihuwarsa da asibitin da ya zauna. Abin da ke cikin fayil, watau sunan cuta da rahoton likitoci da bayanan dangi, ba a sake shi ga kowa da kowa ba. Mai buƙatarsa sai ya nemi izini daga Taskar, ya amince da sharuɗɗan kare haƙƙin waɗanda aka ambata a ciki.

Hikimar wannan rabo tana bayyana idan aka dubi amfanin da kowane ɓangare yake yi. Suna shi ne abin da jika yake buƙata domin ya san kakarsa ba ciwon huhu ne ya kashe ta ba kamar yadda wasiƙar ta'aziyya ta faɗa, kuma shi ne abin da gari yake buƙata domin ya san mutanensa da aka kwashe. Bayanin cuta kuwa yana buƙatar mai karatu wanda ya san wa ya rubuta shi da kuma dalilin rubuta shi. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a watan Mayu na 2018, ba ta shafi matattu ba, don haka nauyin kare su ya rataya ne a kan dokokin ƙasa da kuma hukuncin ma'aikatan taska.

Matsayar ba ta kawar da kowace damuwa ba. Ganin suna a cikin jerin ya riga ya nuna cewa mai shi ya zauna a asibitin masu taɓin hankali ko gidan naƙasassu, kuma akwai iyalan da ba su so a san haka ba. Haka kuma jerin bai ƙunshi mafi yawan waɗanda aka kashe ba, domin fayilolinsu sun salwanta ko suna warwatse a taskokin jihohi da na asibitoci, kowace da ƙa'idojinta.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi tarihin fayilolin T4 daga rubuta su a asibitoci, zuwa ɓoye su a taskar Stasi, zuwa gano su bayan 1990, har zuwa bayyana sunayen masu su a 2018. Abin da tarihin ya nuna shi ne rufin asiri yana iya zama kariya ga mamaci da danginsa, yana kuma iya zama ci gaban shafe shi daga tarihi, gwargwadon abin da aka rufe. Shekara 28 aka ɗauka kafin a bambance tsakanin abin da ya wajaba a bayyana da abin da ya wajaba a tsare. Duk wata taska da take shirin ɗora tsofaffin takardun asibiti a intanet, akwai tambayoyi uku da wannan tarihi ya bar mata: wa ya rubuta takardar kuma da wace manufa, su wa aka ambata a cikinta ban da majinyacin, kuma wane ɓangare nata ne zuriyarsa suke buƙata domin su same shi.