Korona da kasafin ilimi: wane malami ne ya rasa aiki, kuma me ya sa

A ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Kafin wata ya ƙare an rufe makarantu kusan ko'ina a yankinmu: Gana a ranar 16 ga Maris, Kamaru a ranar 18, Nijar a ranar 20, Cadi da Najeriya su ma cikin waɗannan kwanaki. A watan Afrilu hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa rufewar ta shafi ɗalibai fiye da biliyan 1.5 a ƙasashe sama da 190. Nijar ta koma aji tun 1 ga Yuni. Kamaru ta mayar da masu jarrabawar ƙarshe a ranar, sauran kuma sai 5 ga Oktoba. A Gana yawancin yara ba su koma ba sai Janairun 2021, Yuganda kuwa sai da ta kusan cika shekara biyu, aka buɗe ranar 10 ga Janairu 2022.

An yi ta maganar darussan da yara suka rasa. Abin da ya samu kuɗin makarantu da malamai bai samu kunnen saurare haka ba, alhali shi ne ya fi daɗewa.

Inda kuɗin ya tsaya

Gwamnati ba ta da wani asusu na daban da take biyan malamai da shi. Abin da ta tara na haraji da kwastan da sayar da ma'adinai shi take rabawa. A 2020 duk waɗannan hanyoyi suka ƙafe lokaci guda, ga kuma asibitoci na neman kuɗin gaggawa. Gangar ɗanyen mai ta faɗi ƙasa da dala 20 a watan Afrilu, abin da ya taɓa Najeriya da Cadi da Kamaru da Gana, ko da yake ba daidai ba. Najeriya ta gina kasafinta na shekarar bisa dala 57 kowace ganga, dole ta sake shi bisa dala 28. Dokar 2004 ta ware wa hukumar ilimin bai-ɗaya ta UBEC kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, don haka da kuɗin shiga ya ragu, kason ma ya bi shi. Daftarin gyaran kasafin da aka gabatar ya zaftare fiye da rabinsa. Nijar tata matsalar ta riga annobar zuwa, domin Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019, ba ta buɗe Illela da Maigatari ba sai Disamban 2020. Duk wanda ya san Maraɗi da Birnin Ƙonni ya san abin da wannan ya yi wa kasuwa da kuɗin kwastan.

A Fabrairun 2021 Bankin Duniya da UNESCO suka fitar da rahoto kan kuɗin ilimi. Daga cikin ƙasashe matalauta da masu ƙaramin ƙarfi da suka duba, kashi biyu cikin uku sun rage kasafin ilimi bayan ɓullar annobar. A cikin masu arziki kashi ɗaya cikin uku ne suka rage. Ma'aunin da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 shi ne a ba ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na abin da gwamnati ke kashewa, ko kashi 4 zuwa 6 na arzikin ƙasa. Da yawa ba su kai nan ba tun kafin korona.

Yadda ake yanke kasafin ilimi

Mafi yawan kuɗin ma'aikatar ilimi albashi ne. Cikakken ma'aikacin gwamnati kuwa ba a korarsa da sauƙi: doka na kare shi, ƙungiyar ƙwadago na bayansa, kuma taɓa albashinsa kan jawo yajin aiki. Cadi ta ga haka bayan faɗuwar farashin mai na baya, lokacin da ta kawo matakan tsuke bakin aljihu 16 a 2016, ta rage alawus na ma'aikata da rabi, makarantun gwamnati suka yi watanni a rufe saboda yaji. Shi ya sa ministan kuɗi yakan fara da abin da ba ya kuka. Ana dakatar da ginin azuzuwa, a fasa sayen littattafai da tebura, a jinkirta kuɗin tafiyar da makaranta, a daina ɗaukar sababbin malamai. Wanda ya yi ritaya ko ya rasu ba a maye gurbinsa. A takarda ba a kori kowa ba, amma ajin da ke da yara 60 ya koma 90.

Bayan wannan sai a zo kan malaman da ba su da cikakkiyar takardar aiki, kuma a wasu ƙasashenmu su ne ke riƙe da yawancin azuzuwan firamare na karkara. A Nijar malaman kwantiragi ne, tsarin da ya samo asali daga masu aikin sa-kai na ilimi a ƙarshen shekarun 1990. Sun fi cikakkun ma'aikata yawa nesa ba kusa ba, abin da ake ba su bai kai albashi ba, kuma jinkirin biyansa tsohon ciwo ne da ya sha fitar da su yaji. A Cadi akwai maîtres communautaires, a Kamaru maîtres des parents, waɗanda ƙungiyar iyayen yara ce ke haɗa musu abin hannu daga karo-karo. Malamin da iyaye ke biya ba ya buƙatar takardar sallama kafin ya rasa aiki. Da zarar an rufe makaranta karo-karo ya tsaya, shi ke nan. Sunansa ba ya cikin jerin ma'aikatan gwamnati, don haka ba ya cikin ƙididdigar waɗanda suka rasa aiki. A ganina wannan shi ne babban dalilin da ya sa aka raina girman abin: an ƙirga waɗanda ke da takarda, su kuwa su ne suka fi tsira.

Makarantun kuɗi

Nan ne sallama ta fito fili. Ƙaramar makarantar kuɗi ta unguwa, irin wadda ke cike Akra da Kumasi da Duwala da Yamai da Kano, ba ta da ajiya. Kuɗin zangon da aka karɓa shi ake biyan haya da albashi da shi, wata-wata. An rufe makarantu a Maris, daidai lokacin da iyaye da yawa ba su gama biyan na zangon ba, su kansu kuma dokar kulle ta tsayar musu da kasuwa. Mai makaranta ya ce ba ya da abin biya, sau da yawa kuma gaskiya ya faɗa. Wasu sun biya rabi na wata ɗaya ko biyu, wasu suka ce a je hutu ba albashi sai an buɗe. Yawancin waɗannan malamai ba su da rubutacciyar yarjejeniya, ba a yi musu rajista a asusun fansho ba, ba su da ƙungiya mai ƙarfi, saboda haka ba inda za su kai ƙara.

Malamai suka koma acaba da tallar kaya da gona da koyarwa gida-gida. A Kenya, inda aka rufe har Janairun 2021, akwai masu makarantun da suka mayar da azuzuwa wurin kiwon kaji, filin wasa kuma gonar kayan lambu. A Yuganda makarantu da dama ba su sake buɗewa ba sam. Malamin da ya tarar cewa ƙaramin shago na ba shi fiye da abin da alli ke ba shi, ba lallai ya dawo ba, kuma waɗanda suka fi saurin samun wata hanya su ne masu lissafi da kimiyya da harsuna, waɗanda dama ake ƙarancinsu. Mata malamai, da su ne suka fi yawa a azuzuwan raino da ƙananan azuzuwa, su aka fara tsayarwa, domin waɗannan azuzuwa ne aka buɗe daga ƙarshe.

Tallafi ya zo, amma da sharaɗi. Najeriya ta ware naira biliyan 75 don ceto ƙananan sana'o'i, a ciki har da biyan albashin wata uku ga wasu ma'aikatan makarantun kuɗi. Sai dai ana neman rajistar kamfani da asusun banki da cike takarda ta intanet, makarantar da ta fi buƙata kuwa ita ce wadda ba ta da ko ɗaya. Malaman allo da na Islamiyya da ke rayuwa da kuɗin Laraba da sadakar iyaye ba su shiga irin wannan lissafi ba.

Abin da ya faru inda akwai kuɗi

Amurka ta nuna cewa abin bai tsaya ga matalauta ba, ta kuma nuna inda bambancin yake. Can jihohi da ƙananan hukumomi ne ke ɗaukar kusan kashi 90 cikin ɗari na kuɗin makarantu, kuma doka ta hana yawancinsu kashe abin da ba su tara ba. A watan Afrilun 2020 kaɗai, guraben aiki kusan 469,000 suka ɓace a makarantun ƙananan hukumomi. Akasarinsu direbobin motocin ɗalibai ne da masu dafa abinci da mataimakan malamai da malaman wucin gadi, wato can ma mai raunin takarda aka fara taɓawa. Amma gwamnatin tarayya tana iya cin bashi da araha. Cikin dokoki uku, a Maris da Disamban 2020 da Maris 2021, ta zuba wa makarantu kimanin dala biliyan 190, aka mayar da ma'aikata. Wa'adin kuɗin ya ƙare a Satumban 2024, wasu gundumomi suka sake shiga rage ma'aikata.

A kwatanta da wannan: asusun haɗin gwiwar ilimi na duniya, GPE, ya raba kimanin dala miliyan 500 ne tsakanin ƙasashe 66, yawancinsa kuma ya tafi kan darussan rediyo da talabijin da sabulu da bokitan wanke hannu. Ƙasashen G20 sun dakatar da karɓar bashi daga Mayun 2020 zuwa Disamban 2021, ƙasashe 48 suka amfana da kusan dala biliyan 13. Jinkiri ne aka yi, ba yafewa ba. Cadi ta nemi a sake mata tsarin bashinta a Janairun 2021, Gana kuma ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje a Disamban 2022. Duk kuɗin da ya tafi biyan ruwan bashi, daga tukunyar da ake biyan malamai aka ɗebe shi.

Abin da ya rage a aji

A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, yawan yara 'yan shekara 10 da ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta ya tashi daga kashi 57 zuwa kashi 70 cikin ɗari. A Afirka kudu da Sahara ya kusan tara cikin goma, kuma dama yana kusa da haka kafin annobar. Rahoton UNESCO na 2024 kan malamai ya ce yankin na buƙatar ƙarin malamai miliyan 15 kafin 2030.

Ga Hausawan da ke zaune a zanguna da unguwannin baƙi, akwai ƙarin nauyi. Yaron da ke jin Hausa a gida, ana koya masa da Faransanci ko Turanci ko Larabci a makaranta, darasin rediyo bai amfane shi sosai ba, domin ba wanda zai tsaya ya fassara masa. Mai yin wannan aiki yawanci malamin unguwa ne da ke jin harsunan biyu, kuma sau da yawa shi ne na kwantiragi ko wanda iyaye ke biya. Iyayen da ke son sanin halin da makarantarsu take ciki suna iya tambaya a taron ƙungiyar iyaye: malamai nawa ne gwamnati ke biya, nawa ne ke kan karo-karo, kuma wata nawa suke bin bashi.