Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Tarihin Jerin Gwanon Tsofaffin Motocin Ingila

 Na san da yawa daga cikinmu ba su manta da tsohuwar motar nan ƙirar Bedford da muka tarar a kafe bayan ɗakin koyon sana'a ba, wadda muke laɓewa a cikinta idan mun tsere wa aikin shara. Ita ce ta faɗo mini a rai wata safiyar Lahadi a birnin Landan, lokacin da aka tura ni kwas, na ga motocin da suka ba shekara 100 baya suna tafiya da ƙafafunsu. Tarihin wannan jerin gwano nake son in gutsura muku, domin yana da alaƙa da waccan mota tamu.

Asalin abin wata doka ce da majalisar Birtaniya ta kafa a shekarar 1865. Dokar ta ce duk abin hawan da inji ke ja a kan titi kada ya wuce gudun mil 4 cikin awa a karkara, mil 2 a cikin gari. Bugu da ƙari, tilas mutum ya riƙa tafiya a ƙasa a gabansa, riƙe da jar tuta, yana gargaɗin masu dawaki. A 1878 aka sassauta batun tutar, amma mai tafiya a gaba yana nan. A watan Janairun 1896 har an ci wani mai suna Walter Arnold tarar sule ɗaya saboda ya yi gudun mil 8, kuma a kan keke ɗan sanda ya bi shi ya kamo shi.

A wannan shekara ta 1896 aka yi sabuwar doka wadda ta kawar da mai tafiya a gaba, ta ɗaga gudun zuwa mil 14, ko da yake hukuma ta tsayar da shi a mil 12. Don murna, ranar 14 ga Nuwamba masu motoci suka taru a Landan, aka yayyaga jar tuta a gaban jama'a, sannan motoci fiye da 30 suka kama hanyar Brighton, wani gari na bakin teku mai nisan mil 50 da 'yan kai. Kusan rabinsu ba su isa ba.

Bayan shekara 31, wato a 1927, wasu jaridu suka farfaɗo da tafiyar don tunawa. A 1930 ƙungiyar Royal Automobile Club ta karɓi shirya ta, kuma a shekarar ne masu tsofaffin motocin suka kafa tasu ƙungiyar, Veteran Car Club, wadda ta shahara wajen binciken shekarar da aka ƙera kowace mota. Tun daga nan ake yi duk shekara. Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da ita, haka ƙarancin man fetur a 1947, sai kuma annobar korona a 2020.

Ƙa'idojin ba su da yawa. Motar da aka ƙera kafin 1905 ce kaɗai ke shiga. Ana tashi daga dandalin Hyde Park da fitowar rana, ranar Lahadin farko ta watan Nuwamba. Ba tsere ba ne, ba na ɗaya ba na biyu. Duk wanda ya isa Brighton kafin ƙarfe huɗu da rabi na yamma ya sami lambarsa. Wasu motocin da hannu ake murɗa su kafin su tashi, wasu tururi ke jan su, wasu lantarki. Akwai waɗanda ba su da sitiyari, sai wata sanda kamar ta tuƙin jirgin ruwa. Yawancinsu ba rufi ba gilashi, ga sanyin hunturu. Na ga dattijo kwance a ƙarƙashin tasa a gefen titi, jikarsa tana miƙa masa sifana.

Mutane ba su daɗe da ɗaukar irin waɗannan motoci da daraja ba. A da tarkace ne, ana tsinto su a rumbunan manoma kaji na kwana a ciki. Wani fim mai suna Genevieve da aka yi a 1953 a kan wannan tafiya ya taimaka ƙwarai wajen juya tunanin jama'a, kuma motar da ta fito a cikinsa, ƙirar Darracq ta 1904, tana gidan adana motoci na Louwman a birnin Hague. A Ingila, Lord Montagu ya fara da nuna motoci biyar a zauren gidansa na Beaulieu a 1952, abin da ya zama gidan tarihin motoci na ƙasar. A Faransa kuwa, wasu 'yan uwa biyu masu masaƙa, Fritz da Hans Schlumpf, sun tara ɗaruruwan motoci a ɓoye a garin Mulhouse. Da masaƙar ta durƙushe, ma'aikata suka fasa wurin a 1977, suka mamaye shi. Gwamnati ta hana a watsa motocin, aka buɗe wa jama'a wurin a 1982.

Abin lura a nan shi ne, ba ƙarfin ƙarfe ne ya raya motocin ba. Mutane ne suka haɗa kai, suka sa ƙa'ida, suka tsayar da rana, suka riƙe ta. Mu ma ba mu rasa abin adanawa ba. Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammad a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na Legas, kuma duk wanda ya ga ramukan harsashin ba ya bukatar dogon bayani. Amma ina Fijo 404 da 504 na farko da aka harhaɗa a Kaduna tun daga 1975? Yawancinsu 'yan gwangwan sun auna su a sikeli.

Da na ziyarci makaranta kwanakin baya, na tarar Bedford ɗinmu tana nan, tayoyi sun nutse cikin ƙasa, kuma na ji masu sayen ƙarfe sun fara zagaya ta. Ita ce ta yi ta jigilar yayyenmu zuwa wasannin makarantu, ta ɗebo itacen da aka dafa musu tuwo. Ina roƙon shugabannin ƙungiya su sa batunta cikin ajandar taronmu mai zuwa. Ko ba ta tashi ba, a yi mata rumfa da fenti, a rubuta tarihinta daga bakin malamanmu tun suna raye. A cikinmu akwai injiniyoyi da makanikai, kuma ni zan fara ba da kuɗin kwanon rufi. Allah Ya ba mu ikon yi, amin.