Yadda likitocin ƙwaƙwalwa suka shekara 20 suna bin doka ɗaya a majalisa 🧵

1/ Jama'a, kun san har farkon 2023 dokar da ke magana kan masu taɓin hankali a Najeriya ta Turawan mulkin mallaka ce? Ku biyo ni mu ga yadda aka yi ta canza, da malamin jami'ar Zariya da ya ja gaba a ƙarshen tafiyar.

2/ Asalinta dokar 1916 ce, aka ɗan gyara ta a 1958 da sunan Lunacy Act. Ba ta ɗauki mara lafiya a matsayin wanda za a yi wa magani ba. Likita ya sa hannu, majistare ya amince, sai a tsare mutum. Maganar haƙƙinsa ko yardarsa ba ta taso ba.

3/ Kada ku ce babu masana a lokacin. A 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, Abeokuta: mara lafiya ya zauna a ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Har mataimakin shugaban WHO ya zama daga 1973 zuwa 1988. Amma a gida dokar tana nan daram.

4/ A 2003 sanatoci biyu, dukansu likitoci, suka kai sabon ƙudiri majalisa: Martyns-Yellowe daga Ribas da Dalhatu Tafida, mutumin Zariya. Ya shekara shida yana kwance, a 2009 aka janye shi. A 2013 aka sake kawowa, nan ma shiru kake ji.

5/ A nan ne aikin ƙungiya ya shigo. Likita ɗaya in ya yi magana daga ofishinsa, wa zai saurare shi a Abuja? Amma ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wato APN, tana da bakin zama da kwamitin majalisa, ta duba daftari, ta kira 'yan jarida.

6/ Wanda ke shugabancin APN lokacin da maganar ta sake tashi shi ne Farfesa Taiwo Lateef Sheikh na Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ya taɓa riƙe asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, Kaduna. Wato a Arewa ya yi aikinsa, ya san matsalar da idonsa.

7/ Shekarar 2019 ta zo da abin da ya tada hankalin kowa. A watan Satumba 'yan sanda suka fitar da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. A Nuwamba Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a wurare daban-daban na ƙasar.

8/ A shekarar ne Sanata Ibrahim Oloriegbe daga Kwara, shi ma likita, ya sake gabatar da ƙudirin. Aka yi zaman jin ra'ayin jama'a a 2020. APN, masana halayyar ɗan Adam, nas-nas da ƙungiyoyin sa kai suka matsa lamba har majalisa ta amince. Shugaba Buhari ya sa hannu a Janairun 2023.

9/ Me ta ƙunsa? Ta hana nuna wa mara lafiya wariya wajen aiki ko gidan haya. Ta ba shi damar sa baki a tsarin maganinsa. Ta kafa sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da yardarsa ba. Ta kuma ce a buɗe sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, da asusun kuɗi.

10/ To amma fa doka a takarda ba ta ba da magani. Alƙaluman da APN ke yawan ambata: likitocin ƙwaƙwalwa ƙasa da 300 ga mutum sama da miliyan 200. Mu a Rijiyar Zaki Dawanau ba nisa, amma sunan ya zama abin tsokana. "Sai an kai ka Dawanau." Wannan zolayar kaɗai tana sa iyali su ɓoye nasu a ɗaki.

11/ Akwai kuma saura. Sashe na 231 na Penal Code, wadda ake aiki da ita a Arewa, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Dokar 2023 ba ta soke shi ba. Bayan ya sauka daga APN, kan wannan Farfesa Sheikh ya mayar da hankali: a kai mutum asibiti maimakon kotu.

12/ Ku da ke karanta ilimin halayyar ɗan Adam, likitanci ko aikin jinya, kada ku raina ƙungiyar sana'arku, ko da ta ɗalibai ce. Daga 2003 zuwa 2023 mutanen da suka riƙa halartar zaman kwamiti ba gajiya ne suka kai ƙudirin nan gaci.

13/ Mu sauran kuma, in ɗan majalisar jiharku ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi nawa aka ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa a kasafin bana. In kuma akwai mara lafiya a gidanku, a haɗa addu'a da zuwa asibiti. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. A tura wa wanda zai amfana.