Daga Randa Zuwa Falo: Matsayin Yumɓu a Adon Ɗakin Bahaushiyar Agege

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Zangon Agege, abin da zai fara cika masa ido shi ne jere, kuma da wuya ya ga wani abu na yumɓu a cikinsa in ban da kaskon turare da aka ajiye a gefen gado. Wannan maƙala tana son bin diddigin yadda ƙasa, wadda ita ce tushen kayan ɗakin Bahaushiya, ta rasa gurbinta a wurin ado, da kuma yadda ta dawo daga baya, amma ta sauka a gidajen wasu.

Zaman Hausawa a Agege ya ƙarfafa ne da zuwan jirgin ƙasa. Layin da ya tashi daga Ikko ya ratsa garin ya kai Badun a 1901, ya isa Kano a 1912, daga nan fataken goro suka mayar da tashar Agege zango. Matan da suka biyo mazajensu sun taho da ƙwarya da akushi da tasa, amma randa da tulu ba kayan doguwar tafiya ba ne, domin nauyinsu ya fi kuɗinsu, ga saurin fashewa. Sai dai a sayi tukunyar Yarbawa a kasuwa don ruwa da girki. Hasali ma, ko a gida Arewa kwanon ƙarfe mai fenti da kamfanonin Turawa ke shigowa da shi ya riga ya fara ture ƙwarya daga jere. Langa da fanteka da kwalla ba sa fashewa, kuma ana iya sayar da su ranar da gari ya yi zafi, don haka jere ya zama ado kuma asusu. Da aka kafa kamfanin Nigerian Enamelware a 1960, masana'antarsa a Ikeja take, maƙwabciyar Agege. Wato abin da ya kori yumɓu daga bango a bayan gida ake ƙera shi.

Dawowar yumɓu a matsayin kayan ƙawa daga tsohuwar Abuja ta faro, garin da Haɓen Zazzau suka kafa, wanda yau ake kira Suleja. A 1950 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauki wani Baturen Ingila, Michael Cardew, aikin inganta ginin tukwane. A fadar Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya ga waɗansu tuluna da Sarki ya tara saboda kyawunsu, aikin wata Bagwariya mai suna Ladi, mutuniyar Kwali. Yana da kyau a lura da wannan: Sarkin Hausa ne ya fara ɗaukar tulun a matsayin abin kallo, kafin wani Bature ya yaba. A 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da Cardew ya buɗe a garin, ita ce mace ta farko a cikinta.

Abin da ya faru da tulun a wannan cibiya shi ne ainihin labarin. Ladi ta ci gaba da gini da hannu kamar yadda ta koya a gida, tana ɗora yumɓu zagaye-zagaye, tana zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jikinsa. Amma maimakon gashin fili da itace da ciyawa, sai aka shafa masa sinadarin ƙyalli aka gasa shi a tanderu mai zafin da ya haura digiri 1200. Ya fito da sheƙi da ƙwari, ya kuma rasa amfaninsa. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda tana tsatsafo, iska na busar da gumin. Tulun da ya zama tangaran ba ya gumi, ga shi ya yi nauyin da mace ba za ta kai shi rafi ba. A ganina, ranar da tulun ya daina riƙe ruwan sha ita ce ranar da aka soma kiransa fasaha, kuma wannan bai kamata ya wuce ba tare da an yi masa tambaya ba.

Daraja ta biyo baya. An baje ayyukanta a Landan a 1958 da 1959 da 1962, ta sami lambar MBE a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Masu sayen kayan kuwa galibi Turawa ne da manyan ma'aikata, irin mazauna Ikoyi, ba matan Zango ba, alhali manufar farko ita ce a samar wa 'yan ƙasa kwanonin ci da kofuna.

Batun mutum-mutumi ya fi wannan sauƙin fahimta. Kawunan yumɓun Nok, da aka fara tonowa a 1928 a wurin haƙar kuza, sun sami mazauni a gidajen tarihi na Jos da Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Amma gidan Musulmi ba ya ajiye siffar mai rai a tsaye, don haka wannan reshe na sana'ar bai taɓa samun kasuwa a unguwannin Hausawa ba. Abin da ya tsira shi ne wanda ke da aiki: kaskon turaren wuta, asusun yara, tandar waina, da randar da tsofaffi ke cewa ruwanta ya fi na firji daɗi.

Tun 2007 hoton Ladi Kwali tana gina tulu yake a bayan takardar naira ashirin. Ta wannan hanya ce tulun nata ya shiga gidajen Agege, a ƙulle a bakin zanen masu sayar da goro da fura, kuma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa gaya wa sunan matar.