Abin Da Aka Tarar A Ƙasan Tafkin Onondaga Kafin A Yashe Shi

A shekarar 2024 aka mayar wa al'ummar Onondaga fili sama da eka 1,000 a kudancin birnin Syracuse na jihar New York a Amurka, wanda ya haɗa da mafarin rafin da ke shayar da tafkin da ake kira da sunansu. Mayar da filin bai kashe gardama ba. Shugabannin al'ummar sun daɗe suna cewa tsaftace tafkin da aka yi bai wadatar ba, domin an binne dafi da yawa maimakon a kwashe shi.

Tarihin farko ya zo ne ta baka. Al'ummomi biyar na Haudenosaunee, ciki har da Onondaga, suna riƙe da cewa a gaɓar wannan ruwa kakanninsu suka ƙulla zaman lafiya bayan dogon yaƙi. A 1654 wani limamin Katolika ɗan Faransa, Simon Le Moyne, ya ba da labarin maɓuɓɓugan gishiri a wurin. Gishirin ne ya gina Syracuse. A 1822 aka faɗaɗa mafitar tafkin don a rage ruwansa, a busar da fadamu, kuma a 1825 aka buɗe hanyar ruwa ta Erie da jiragen dako suka riƙa bi.

A 1884 kamfanin Solvay ya fara sarrafa sinadarin soda a gaɓar yamma yana zubar da sharar masana'anta. Najasar birni ma tana kwarara ciki. Duk da haka jama'a na tururuwa wuraren shaƙatawa irin su Iron Pier da White City. A 1901 aka hana yankan ƙanƙarar tafkin don amfani, a 1940 aka hana wanka. Tsakanin 1946 da 1970 kamfanin Allied, magajin Solvay, ya zubar da zaiba kimanin tan 75. A 1994 gwamnatin tarayya ta sa tafkin cikin jerin wuraren da suka fi gurɓata a ƙasar, aikin gyara kuwa ya faɗa wuyan Honeywell, wanda ya gaji Allied.

Wata dokar tarayya ta 1966 ta wajabta a duba kayan tarihi kafin irin wannan aiki, don haka aka ɗauko masana daga gidan tarihin jiragen ruwa na Tafkin Champlain, suka shiga aiki a 2010. Ruwan ba ya nuna komai, lakar kuma guba ce, sai suka dogara da na'urori. Ɗaya tana aika sauti ƙasa ta zana siffar abin da ke kwance, wata tana jin ƙarfe ta hanyar maganaɗisu. Duk inda alama ta bayyana sai su koma su duba da kyau. Suka gano ragowar matsayar jirage, da jiragen katako na dakon kaya, da masu kwasar laka, da dama daga cikinsu a kudancin tafkin kusa da tashar jiragen birnin.

Masu ba da labarin tafkin sukan fara da zaiba su ƙare da zaiba, kamar dai masana'anta ɗaya ce ta lalata shi. Laifinta ba ƙarami ba ne, amma jiragen nan suna ba da wata shaida. Yawancinsu ba guguwa ce ta nutsar da su ba. Tsufa suka yi, aka ja su gefe aka bar su su ruɓe. Mutanen da suka ga ya dace a yar da jirgi a ruwan nan su ne suka saki najasa a cikinsa, kuma wannan ɗabi'a ta riga zaiba da shekaru masu yawa. Garin gaba ɗaya ya mayar da wuri mai tsarki juji.

Daga 2012 zuwa 2014 aka kwashe laka kimanin kubik mita miliyan 1.7, sannan aka shimfiɗa yashi da wasu sinadarai a kan eka 475 na ƙasan tafkin. An auna jiragen, an zana su kafin injina su iso. Har yau hukumar lafiya ta jihar tana gargaɗin yara da mata masu shekarun haihuwa kada su ci kifin tafkin.